Herlinda Mai Yatsu Takwas

A ƙauyensu Herlinda Zárate, can kan duwatsun jihar Oaxaca ta ƙasar Meksiko, ba a ɗaura aure, ba a binne mamaci, sai da 'yan badujala. Mahaifinta, Don Tiburcio, shi ke busa ƙaton ƙahon tagullar nan da ake ratayawa a kafaɗa. Ita kuwa tun tana ƙarama ta ɗauki kilarnet, baƙar sarewa mai maɓallai. In ta busa a wurin makoki, har waɗanda cin tamal, alalar masarar da ake rabawa, kawai ya kawo su sai sun share hawaye.

Ana nan, wata shekara lokacin girbin kofi, tana zuba 'ya'yan a injin ɓarewa, injin ya cafke hannunta na hagu. Ya tafi da yatsu biyu.

Da ciwon ya warke ta gwada sarewar, iska kawai ke fita. Ta cusa ta ƙarƙashin gado. In ta ji badujala ta doso unguwarsu sai ta sulale bayan gida.

Rannan Malam Nicasio, tsohon da ke jagorantar 'yan badujalar, ya same ta tana shanya.

"Ke, uwar 'yan fushi! Har kunnen ma injin ya cinye?"

"Malam, in zo in yi me? In riƙa ba ku ruwan sha?"

"Gwiwata ta ƙi hawan tudun maƙabarta, ga gawa gobe. Ungo 'yar sandar jagorancin kiɗan nan, ki tsaya gabansu."

"Har da Baba fa a ciki."

"Shi na fi so ki yi wa tsawa. Tun kafin a haife ki yake riga kowa shiga."

Washegari ta tsaya gaban dattawa, ta ɗaga 'yar sandar. Baba kuwa ya riga kowa shiga. Ta watsa masa harara, ya haɗiye busar, sauran suka ƙunshe dariya saboda gawa. Daga nan suka bi hannunta tiryan-tiryan har bakin kabari.

Malam ya koya mata rubuta kiɗa. Waƙoƙin da ba ta iya busawa suka riƙa fitowa a takarda, kuma wadda ta tsara don bikin waliyyin garin ba a rufa shekara ba ƙauyukan maƙwabta suka ɗauke ta. Sai ta tafi makarantar kiɗa a birnin Meksiko. Ta sha wuya. Ta koyar da yaran coci, ta jagoranci makaɗan ƙananan gidajen wasa, an sha ce mata ta dawo baɗi. Furfura ta fara tsiro mata kafin babbar ƙungiyar makaɗan jiharsu ta nemi ta tsara sabon kiɗa, ta kuma jagorance shi da kanta.

Ta rubuta shi don makaɗa iri biyu: masu goge na birni a gaba, badujalar ƙauyensu a baya.

Ranar wasan, mutanen ƙauyen suka sauko babban birnin jihar a motar ɗaukar kofi. Malam Nicasio, da ƙafa ta gama ƙi, a kujera aka shigo da shi zauren, yana faɗa wai za a kayar da shi.

Herlinda ta ɗaga hannu biyu, na hagun ma ba ta ɓoye ba. Goge ya fara can ƙasa-ƙasa kamar hazo a kwari, sannan ta juya ta kira mutanenta, tagulla ta amsa har kujeru na girgiza. Da ta sauke sandar, zauren ya miƙe tsaye. Aka yi ta tafi, ta fita, aka sake kiranta.

'Yan ƙauye dai ba su san a gama kiɗa kowa ya kama gabansa ba. Mai ganga ya buga, suka sauko daga dandamali suna busa, suka nufi ƙofa. Jama'a suka bi su, masu gogen ma suka biyo da baƙaƙen kwat ɗinsu. A dandalin birnin aka ɓarke da rawa.

Mahaifinta, Don Tiburcio, ya cire baki daga ƙahonsa, yana haki, ya kamo hannun wani ɗan sanda da ke kallo.

"Ka ga waccan mai ba kowa umarni? Ni na haife ta!"