Mama Nyirongo da katangar da muka shafa wa farar ƙasa

Ƙarfe bakwai saura kwata mai keke yake sauke ta a ƙofar majalisar gunduma, ko ana ruwa ko ana rana. Sai ta bi baranda har ƙarshe, ta buɗe ofishinta, ta jawo benci waje, don ta san kafin ta ajiye jaka mutane sun fara taruwa da takardu naɗe cikin leda. Shekara ashirin da shida Mama Vainess Nyirongo tana magatakardar kwamitin da ke raba tallafi ga wuraren shaƙatawa, kare muhalli da kayan tarihi. Ba ita ke ba da maki ba, ba ita ke sa hannu ba. Nata ta karɓi takarda, ta raka kwamiti duba wuri, ta rubuta abin da aka gani. Amma ita ce mai zama da tsofaffi tana karanta musu fom layi-layi da harshen gida har su gane. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Na ce har su gane, to ban da ni. Ni tela ne, an naɗa ni sakataren ƙungiyar idon ruwan Kalonje don kawai an ga ina yawo da biro a kunne. Idon ruwan nan a gindin tudu yake, ƙarƙashin wani tsohon ɓaure, kuma katangar duwatsu da kakanninmu suka jera ce ke tare tudun kada ya rufta masa. Shekarun baya katangar ta tsage. Kowa ya san in ta sake shan damina mai ƙarfi za ta zube, ƙasa ta binne ruwan da gida sama da ɗari ke sha.

Fom ɗin akwati uku gare shi, kuma ɗaya tak ake so ka zaɓa: shaƙatawa, muhalli, ko tarihi. To yara suna wasa a wurin, tsuntsaye sun cika ɓauren, katanga kuma ta girmi kowa a garin. Zama uku muka yi, muka tashi baram-baram. Da na kai mata kukana, ba ta ce mini ga abin da za ku zaɓa ba. Tambayata ta yi, wanne ne in ya faɗi sauran za su bi shi? Na ce katanga, wato akwatin tarihi ke nan. Ta miƙo mini birona da na manta a kan teburinta.

Sai aka aiko cewa kwamiti zai zo duba wuri ranar Alhamis. Nan fa aka yi ta.

Shugabanmu Baba Lackwell Zgambo, dattijo ne mai gudun abin kunya, ya ce ba a taɓa yi a Kalonje ba, baƙi su zo daga gunduma su tarar da wuri kaca-kaca. Kwana uku gari bai zauna ba. Mata suka share, maza suka yi shema, muka kwaɓa laka muka cusa a tsagar nan muka shafe sumul, sannan muka bi katangar kakanni da farar ƙasa tun daga wannan kai har wancan. Ni da hannuna na yi ɓangaren gabas, ina ta jin daɗi. Aka tuƙa nsima, tuwonmu na masara, aka yanka kaji huɗu.

Kwamiti ya iso, kansiloli uku da wani masanin kayan tarihi, Mama Nyirongo a baya da littafinta. Masanin na ganin katangar ya dafe kai, sai ka ce an yi masa mutuwa. Kansiloli kuwa suka yi ta yaba mana, suka ce wuri tsaf-tsaf haka, ai ba ya buƙatar komai, a bar wa mabuƙata. Baba Zgambo yana ta godiya. Ni na tsaya ina kallon wannan ina kallon wancan, na rasa ko mun ci ne ko mun faɗi. Har sun ciro takardar maki.

A nan ne kika ajiye littafinki a kan dutse, Mama. Kika ce a ba ki bokiti. Da kayan ofis, da takalmin ofis, kika shiga cikin taɓo, kika watsa wa katanga ruwa, kika sa yatsu kina ƙwaƙule lakar da muka cusa, har kika zura hannunki cikin tsagar zuwa gwiwar hannu.

"Ranka ya daɗe," kika ce wa shugaban kwamiti, "taɓa nan kafin ka rubuta. Ba ɓoye muku suka yi ba, kunyarku suka ji."

Baba Zgambo ya fusata. "'Yar nan, a gaban baƙi za ki tona mu? Mun yi miki wani abu ne?"

"Baba, ka yi haƙuri. Ka fi son su tafi suna yabonku, ko ruwan nan ya kai baɗi?"

Ranar Baba Zgambo bai ci nsima da baƙi ba. Ni ma, in faɗi gaskiya, na ji haushinki har cikin raina.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo. Na karanta sau biyar, na kai wa hedimasta ya karanta, shi ma ya juya ta baya ko akwai ƙarin bayani. An ba mu tallafi, amma wai na cire farar ƙasa daga jikin kayan tarihi, tare da gyara abin da ke ƙarƙashinta. Wato an ba mu ne don mun ɓata, ko don ta tsage? Da ba mu shafa ba fa? Na tambayi masanin, ya ce duka biyun. Na tambayi kansila, ya ce ba ko ɗaya. Har yau ban san amsa ba. Abin da na sani, magina sun gama aiki saura kwana tara a yi ruwan farko, kuma daminar da aka yi a shekarar ta tafi da gadoji biyu, katangarmu ba ta motsa ba.

Makon jiya na je yi wa Mama Nyirongo sallama, na tarar da masinjan ofis yana ɗaure mata kaya. Shi ya gaya mini abin da ba ta taɓa faɗa ba. A shekarar, wuri ɗaya kawai kwamiti yake da halin tallafa wa a ɓangaren tarihi, kuma waɗanda suka biyo bayanmu da tazarar maki biyu mutanen Chivumbo ne, masu neman a yi shinge ga tsohuwar maƙabartarsu da shanu ke tattakewa. Chivumbo ne garinsu Mama Nyirongo, kuma mahaifanta duka suna kwance a can. Babu wanda ya nemi ta yi ƙarya a ranar nan. Shiru kawai za ta yi, ta rubuta abin da kansiloli suka ce.

Na juya na dube ta, ta ce in taya su ɗaga akwati.

Ke ce mai hannu cikin tsaga, 'yar Nyirongo. Mun gode, mu da yaran da ke ɗiban ruwan nan ba su ma san sunanki ba. Ku kuma masu zama a bayan teburi, in kun ga mutane sun shafe rauninsu saboda kunya, ku daure ku nemi bokiti.

Ranar Asabar za ta koma Chivumbo da zama, cikin mutanen da har yanzu shanu ke bi ta kan iyayensu. Ƙungiyarmu ta yanke cewa za mu raka ta, da turaku da wayar shingen maƙabarta a bayan mota. Baba Zgambo ne ya kawo shawarar, ko da yake har yau ba ya gaishe ta. An ce ni zan yi jawabi in mun isa, kuma wallahi ban san da wane baki zan fara ba.