Hannun da Malam Habibu Ya Ƙi Miƙawa

Kullum bayan sallar asuba Malam Habibu Kure yakan baro unguwar Dutse Alhaji, ya isa ɗakin binciken jami'a kafin masu shara. Ba ya shafa turare ranar aiki. Sai ya wanke hannu har gwiwa, ya sa safar roba, sannan ya taɓa wani abu. Shekara goma sha huɗu ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Da gyaran agogo ya fara, a wata rumfa bakin hanyar Bwari. A can Dakta Nazeefa, malamar kimiyya, ta ga yadda yake ɗaukar ƙusar da ido bai cika gani ba, ta ɗauke shi aiki. Tana gina sabuwar irin kwamfuta ce, mai lissafi da ƙwayoyin zarra. Ana tsare ƙwayoyin a wani ɗan tarko na lantarki, cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe iskarta. Tsare ƙwaya biyu ya yiwu tuni. Jera goma sha biyu ne ya gagara, domin maiƙon yatsa ɗaya a jikin tarkon ya isa ya watsar da su.

Wata bakwai aka yi ana ƙera sabon tarko, kuma ba shi da na biyu. Ranar da Malam Habibu zai ɗaura shi, Alhaji Maitama, darakta daga ma'aikatar da ke kula da aikin, ya shigo da tawagarsa ba sanarwa. Ya yi sallama, ya miƙo hannu.

Malam Habibu na riƙe da tarkon. Ya rusuna, bai miƙa nasa ba.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Yau hannun nan ba nawa ba ne."

Darakta ya haɗe rai. "Dakta, ina kika samo dattijon da bai iya gaisuwa ba?"

Kowa ya san kalma ɗaya daga bakin darakta ta isa ta mayar da Malam Habibu rumfar agogo. Dakta ta raɗa masa, "Baba, ajiye ka gaisa mana."

Ya ce, "In na ajiye, ƙura ta sauka. In na gaisa, turarensa ya shiga." Ya ci gaba da ɗaurinsa, darakta ya fice.

Bayan mako uku, ɗigo goma sha biyu suka jeru a fuskar na'ura kamar sahun salla. Darakta ya dawo don ya gani da idonsa. Malam Habibu ya tuɓe safa, ya miƙa hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, ga gaisuwar da na adana maka."

Alhaji Maitama ya yi dariya, ya mayar da hannunsa baya. "A'a, Malam. Bari in wanke nawa tukuna."

Kai ne ka gwammace a ce maka marar ladabi da a ce ka ɓata amana, Habibu mai hannun natsuwa. Sunanka bai shiga takardun bincike ba, amma waɗanda suka tsaya a ɗakin nan sun shaida. Mun gode, Allah ya sa ka huta lafiya. Masu gadon kujerarka kuwa, su koyi sanin lokacin da ake miƙa hannu da lokacin da ake riƙe shi.