Aljanin da Na Zuba a Goran Babana

A majalisarmu ta Gwadangaji, gindin dalbejiyar da ke kusa da teburin mai shayi, kowa da abin da aka san shi da shi. Akwai mai siyasa, akwai mai ƙwallo, ni kuwa fim na riƙe, kuma zaginsa ne aikina. Malamin makaranta ne ni, bakina ya saba da magana ba a katse shi, saboda haka da an sallame la'asar an baje tabarma sai in hau. In ce Turawa sun ɗauko tatsuniyar da suka yi tun muna yara sun sake mata fenti, Indiyawa sun kwafa sun ƙara rawa, namu kuma sun kwafi na Indiyawan sun naɗa wa boka rawani. Maraya ɗaya, zoben tsafi ɗaya, 'yar sarki ɗaya da kullum ake sacewa kamar gidansu ba ƙofa. Ɗumame nake kiransu duka, har ta kai in na doso wurin sai a ce ga mai ɗumame nan tafe. Sunan yana mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Cikinmu akwai wani maƙwabcina mai ɗaukar bidiyon biki, shagonsa na Gesse, mutum ne marar yawan magana. Ran nan ina tsakiyar huɗuba sai ya ajiye kofinsa ya ce tunda na san marar kyau haka, in kawo labari sabo, kyamara tana nan ba ta aikin komai in ba ranar biki ba. Baki shi ke yanka wuya. A gaban jama'a na ce na karɓa.

Abin haushin shi ne ina da labarin, kuma mai kyau ne. Babana, Allah ya jiƙansa, masunci ne a Argungu. Masunci a wajenmu da homarsa, wato ragar kamun kifi, da goransa yake shiga ruwa: ya kwanta da ƙirji a kan goran ya yi ta yawo, kifin da ya kama ya jefa ciki. Wata shekara ina ƙarami sa ya taka goran Baba ya fashe. 'Yan uwa suka kawo masa nasu, ya ƙi, wai goran aro bai san ƙirjinka ba. Ya nemo irin duma ya shuka a bayan gida, ya zauna jira. Damina guda abokansa na wucewa da homa a kafaɗa, shi kuwa yana tsugune yana juya ɗan duma, yana tara masa yashi a ƙasa don kada ya girma a karkace. Inna, mahaifiyata, ita ta riƙe gidan da turara shinkafa, tana yi tana yi masa ba'a, tana cewa ko lokacin da yake neman aurenta bai yi irin wannan zarya ba. Ranar da ya koma ruwa da sabon goran har bakin gulbi ta bi shi daga nesa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na gaya wa maƙwabcin nawa. Ya ce yana da ɗan uwa a Ambursa mai shuka duma, zai riƙa hawa babur yana ɗauko girmansa kaɗan kaɗan har kaka. Ni kuwa na tafi Argungu wajen Inna. Goran yana rataye a ɗakinta tun rasuwar Baba, ba mai taɓa shi. Na ce mata za a yi fim na Baba. Ta sauko da shi da hannunta, ta goge da bakin zane, ta yi ta tuna mini abubuwan da na manta, har yadda yake yi wa duman inuwa da tsohuwar taguwarsa. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallon idona ba, amma ranar ta kalle ni. Na shigo mota da goran a cinya ina jin kaina kamar wani babba.

Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Amma mai son yabo ba ya iya ajiye labari a ciki. Washegari na baje shi a majalisa. Na fara da fashewar gora, ana saurare. Na kai ga shuka, mai ƙwallo ya ciro wayarsa. Na kai ga juya duma, mai siyasa ya yi hamma har da salati. Mai shayi, don ya taimake ni, ya tambaya to sai me ya faru. Na ce sai duman ya girma. Mai shayi ya koma kan butarsa. Ban san lokacin da bakina ya ce ba:

"Ashe akwai aljani cikin goran."

Mai ƙwallo ya kife wayarsa. Mai siyasa ya gyara zama. Ni da na shekara ina zagin mutane, a zama ɗaya na mayar da Baba maraya, na ba shi zobe, na samo sarki na haifa masa 'ya, na sa aka sace ta. Kayan duk suna kaina a jere kamar rumfar ɗan koli, hannu kawai nake miƙawa. Har kiran magariba ba wanda ya tashi, kuma rabon da in ji daɗi irin na yammacin nan na manta.

Maƙwabcina ya biyo ni gida ya ce shi fa na duman yake so. Na zaunar da shi na yi masa darasi a kan abin da jama'a ke buƙata. Ya ce to a bar ko da wurin da matar ke bin mijinta bakin gulbi. Na ce ina za mu sa shi, ga yaƙi da boka? Daga ranar ya daina zuwa Ambursa. Da aka zo rabon matsayi ba a sami mai muryar boka ba, na ce to don kada aiki ya tsaya zan taimaka. Gaskiya tun farko ni na tanadar wa kaina.

A bakin gulbin Argungu muka ɗauka, da rana tsaka. Alkyabbata buhunan albasa ne ja da aka haɗe, fuskata toka da bula, ina ɗaga hannu sama ina dariyar mugunta, masunta na wucewa suna yi mini sannu da aiki. Hayaƙin aljani kuwa, garwashi muka sa a murfin gwangwani muka zuba turaren wuta muka zura cikin goran. Na ga bakinsa yana yin baƙi, na kawar da kai, saboda hayaƙin yana fita da kyau.

Fim ya fito, aka riƙa tura shi waya zuwa waya. A majalisa aka kalle shi ana dariya a wuraren da ba na dariya ba. Da ya ƙare mai shayi ya miƙo mini kofi ya ce:

"Malam, wanga ɗumame ko kwana ukku ya yi."

Na shanye, don ni na koya masa kalmar.

Saura mayar da gora. Na yi ta ɗagawa, yau jarrabawar yara, gobe ruwan sama, har Inna ta aiko a tambaya ko lafiya. Na je ranar wata Asabar da hantsi. Ta shimfiɗa tabarma a inuwar zaure, ta kira maƙwabciyarta, tsohuwar da suka yi turaran shinkafar tare, wai ta zo ta ga babanmu. Na jingina waya da ƙwarya na kunna, na koma gefe ina tsinkar zaren tabarma.

Da goran ya bayyana ta matso, ta taɓa maƙwabciyar ta nuna mata. Daga nan ba ta ƙara motsi ba. Aka sace 'yar sarki, aka murza zobe, na fito cikin buhun albasa, maƙwabciyar ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na rawa. Inna dai ta zuba ido, kuma na gane abin da take yi: duk wanda ya shigo sai ta duba ko shi ne mai shuka duma. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba tun da na yi wayo. Sunaye suka hau, kiɗa ya tsaya. Ta gyara zama ta ce:

"Irin wanga na sha gani wurin jikoki. To sa muna na babanku yanzu."

Ba gatse take yi ba, ta ɗauka wannan share fage ne. Ni da ban taɓa rasa abin faɗa a kan fim ba, na duba waya na ce caji ya ƙare.

"Ba komi," in ji ta. "In ka sa mishi wuta ka dawo. Mu gidanga mun saba da jira."

Ta ɗauki goran za ta kai ɗaki. A bakin ƙofa ta tsaya ta kai hancinta bakinsa, inda tun ina yaro ƙarnin kifi ke fitowa. Ta sake shinshinawa, ta sa bakin zane ta goge baƙin, ya ƙi fita. Ba ta tambaye ni ba, ta shiga ta rataye shi inda yake.