Ƴar Bangon Aji

Tun da fari in faɗa kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Amma wawa mai hujja, don na yi lakwal har aji uku kafin mahaifina ya gane fata ta fi takarda ƙarko, ya mayar da ni rumfar dukanci. Saboda haka duk abin da zan faɗa, da idon mai ilimi na gan shi.

Jikata ce ta shiga ajin farko a wata lakwal bayan unguwarmu. Ubanta yana daji wajen haƙar zinari, uwarta tana jego, sai kai ta da ɗauko ta suka faɗo kaina. A zamaninmu adon aji guda ne, wata giwa da mushe, malaminmu, ya zana a takardar siminti, ta fi kama da jaki mai kumburi, muka same ta muka bar ta. Ajin jikata kuwa bango ba masaka tsinke. Baƙaƙe manya manya, lambobi, raƙumi da kayan gishiri, dabino, lemu. Can kusa da taga akwai hoton wata yarinya tana wanke hannu a buta, da jan kallabi, tana kallon mai kallonta. Daidai ƙarƙashinta aka zaunar da jikata.

Da yake ina zuwa da wuri, nakan tsaya a bakin tagar in jira a tashi. Nan na lura rana tana cin hoton. Jan kallabin ya fara tafiya, sannan launin fuskar, har yarinyar ta koma wata shuɗiya-shuɗiya kamar wadda aka tsamo daga rijiya. Idanun ne kawai suka rage baƙi ƙirin. Na ce a raina, to, ta mutu ke nan.

Wata Litinin na leƙa, sai ga ta ja wur, kumatu cike, kamar ta kwana tana cin nama.

Ni baduku ne. Na yi shekaru ina rina fata da karan dafi, na kuma san ja in ya koɗe ba ya dawowa, ko ka yi masa magiya. Na dubi hoton, na dubi jikata a ƙarƙashinsa. A lokacin ne na ga abin da ban gani ba a gida: leɓenta ya yi fari, idonta ya faɗa, ta kifa kai a tebur.

A hanya na ce mata, cikin wasan kaka da jika, “Amarya, waccan kishiyar taki ta bango, tana miki magana?”

Ta ce, “Kallona kawai take yi, tsoho. Ko na koma wancan gefe tana kallona.”

Na riƙe hannunta, da zafi.

Cikin satin nan aka yi suna a Aderbissinat, dole na je. Muna wucewa ta gaban lakwal ɗin garin da hantsi, yara sun fita, ajin wayam, ƙofa a buɗe. Na juya haka kawai. Tana nan. Jan kallabi, buta, idanun. Ta riga ni zuwa. Ban ci naman sunan ba, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Da na dawo jikata ba ta iya gama kunu. Matata ta ce a kai ta likita. Na ce wannan ba ciwon allura ba ne, kurwa ake sha. Ta ce wa ke sha? Na sauya zance, don kalmar da ke bakina in ta fita a unguwarmu, madam ɗin ajin ba za ta sake samun mai karɓar ruwa daga hannunta ba. Sai na yanke in yi aikin da kaina, ba tare da na ɓata sunan kowa ba. Na yi hayaƙi, na ɗinka laya da fata mafi kyau a rumfata. Ran Laraba da azahar, bayan an tashi, na miƙa hannu ta taga na ɓalle hoton, na cusa a riga. Duk hanya ina jin sanyinsa a ƙirjina. A bayan rumfa na cinna masa wuta, na tsaya har idanun suka ci, na tona rami na binne tokar.

Da safe na kai jikata, ina goye da ita don ƙafarta ba ta ɗaukarta. Na leƙa ta taga da ƙarfin zuciyar wanda ya gama da abokin gaba.

Tana nan. Ta fi jiya ja.

Na zauna a ƙasa da yarinya a baya. Madam ta fito, ƴar siririya ce mai farin gilashi, ba ta kai ƴata ta uku ba. Ta ce, “Baba, lafiya?”

Na nuna bango. Na ce, “Ƴata, tsakaninki da Allah, waccan ina take kwana?”

Ta dubi bangon, ta dube ni. Ta ce, “Ashe kai ne ɓarawon.” Ta ciro salula ta latsa, ta miƙo mini. Ga yarinyar a ciki, ƙarama kamar ƙwayar dabino, tana kallona. Na kawar da kai.

Ta ce ai duk adon ajin yana cikin salular. In rana ta cinye ɗaya ko iska ta yage, sai ta biya wajen mai fotokofi a buga sabo, babba ko ƙarami yadda take so. Da can kwana take tana zane da hannu, yanzu lokacin na gyaran kayen yara ne, littattafan rubutunsu. Raƙumin ma ita ta sa shi a madadin wata dabbar ƙanƙara da yaran ba su taɓa gani ba. Ta tura wa ƙawarta a Aderbissinat, ta tura wa wata a Timia.

Na ce, “Har Timia ta kai?”

Sai ta ɗora hannu a goshin jikata, fuskarta ta sauya. Ta ja fatar idon yarinyar ƙasa ta duba. Ta bar ajin a hannun maƙwabciyarta, ta tsayar da mai babur, ta ce in hau. Ban yi gardama ba, ilimina ya ƙare a wurin.

Likita ya ce zazzaɓin sauro ne, ya daɗe yana cin jininta. Ya tambaye ni tun yaushe, na dubi silin. Aka ɗaura mata ruwa, matata ta iso. Muka zauna a benci, ni da matata da madam, muna kallon ɗigon yana sauka, yarinya kwance fara fat, idanun kawai. Sai wajen la'asar ta motsa ta ce tana son lemu.

Da na ga haka raina ya dawo, bakina ma ya dawo. Na gyara hula na ce, “To madam, na wanke ƴarki ta bango daga zargi. Sai dai a gaya mata ta rage kallon mutane. Kuma ki yarda, ba kowane jahili ne zai lura da launi kamar yadda na lura ba.”

Ta cire gilashinta tana gogewa da gefen mayafi, ba ta ko dube ni ba.

Ta ce, “Ka lura, Baba. Waccan in ka ƙona ta kullum, kullum zan buga wata. Wannan da ke kwance, da ta tafi, a wace salula za ka samo ta?”