Abin da Ɗinki Zai Ci

A ɗakin malamai tebur ɗaya muke rabawa da ita, ni a gefen taga, ita a gefen ƙofa. Shekararta talatin da ɗaya tana koyar da aji huɗu, ba ta taɓa neman a ɗaga ta zuwa wani ajin ba. Malama Ta-baya ake ce mata, har hedimasta ma haka yake kiran ta in ya manta kansa. Dalilin sunan kuwa, idan ta ɗauki littafin yaro za ta duba aiki, sai ta kifa shi ta fara daga shafin ƙarshe, inda yara ke zane-zanensu da gwajin lissafi.

Makona na farko na kasa haƙuri. Na ce, "Yaya, aikin fa a gaba yake."

Ta gyara tabaranta mai ɗaurin zare a kunne ɗaya. "Na sani, ƙanwata. Babanmu mai gyaran agogo ne. Ban taɓa ganin ya tsaya kallon fuskar agogo ba, ta baya yake buɗewa."

Na yi dariya, a raina na ce tsufa ne. Ni a lokacin sabuwar malama ce, da jan birona da zafin kaina. Littafi arba'in nakan gama kafin shayinta ya huce, ita kuwa tana kan na shida tana cewa "iko sai Allah" ita kaɗai.

Akwai wata yarinya a ajina, ɗaya ajin huɗun, da ake kira 'Yar Tela, shiru-shiru, kullum da guntun zare a jikin hijabinta. In lissafi tsurarsa ne, kafin in ajiye alli ta gama. Amma da an saka shi cikin labari, sai ta kawo amsar da babu ita a littafi. Na yi ta zabga mata jan biro har zango uku. Ƙarshen shekara aka ce ta maimaita aji, ubanta kuwa ya aiko cewa in maimaici ne a bar shi, ga keken ɗinki nan yana jiran ta a shago. Ranar Litinin zai zo ya tafi da ita.

Ranar Juma'a littafin yarinyar yana kan teburinmu, Malama ta miƙa hannu ta kifa shi. Ta bi shafin ƙarshe da ido layi-layi. Sai ta ce, "Ƙanwata, kin koya musu raba inci gida takwas?"

"A aji huɗu? Sai aji shida."

"To wa ya koya wa wannan?"

Na leƙa. Shafin ƙarshe cike yake da zanen yadi an yayyanka shi, da ƙananan lambobi a gefe, har da inda ta gwada yanka iri uku don ta ga wanne ya fi barin ɗan ragowa. Malama ta koma gaba tana bin kurakuran da na yi wa jan layi ɗaya bayan ɗaya, tana lasar yatsa tana buɗe shafi.

"Duba nan. Yadi inci sittin, a fitar da ƙyalle mai inci goma-goma, nawa za a samu? Littafi ya ce shida, ita ta ce biyar da ragowar inci biyar. Ga tambayar igiya, ta rage. Ga ta katako, ta rage. Yaron da bai iya ba, kuskurensa warwatse yake. Wannan kullum gefe ɗaya take karkata. Me take ragewa?"

Ban sani ba, kuma gaskiya kunya ta kama ni, don wata tara ban taɓa tambaya ba.

Litinin da safe uban ya zo ofishin hedimasta, tef ɗin awo rataye a wuyansa, yarinyar tana bayansa kanta a ƙasa. Hedimasta ya riga ya fito da takardar sallama, ni kuma ina tsaye a gefe. Malama ta shigo ba wanda ya kira ta, ta gaishe shi da kyau, ta tambayi aiki da iyali, sannan ta ce, "Malam, don Allah taimake ni da wani lissafi. Yadi inci sittin, ina son ƙyalle mai inci goma-goma. Nawa zan samu?"

Ko tunani bai yi ba. "Biyar, Hajiya. Ki samu ragowar inci biyar."

Hedimasta ya ce, "Shida dai."

"Haba ranka ya daɗe, shida a ina? Abin da ɗinki zai ci fa? Rabin inci nan, rabin inci nan. In ka yanka shida, ko ɗaya ba zai kai goma ba bayan an kalmashe baki."

Malama ta juya ga yarinyar. "'Yata, igiyar fa?"

Da ƙyar muryarta ta fito. "Ƙulli zai ci, Malama."

"Katakon?"

"Zarto zai ci."

Hedimasta ya cire hularsa ya sosa kai. Malama ta ɗauki alli ta rubuta tambaya uku daga littafin aji shida a jikin ƙofar kabad, ta ce wa yarinyar ta ba da amsa biyu ga kowace, ta littafi da ta shago. Ta yi su a tsaye, minti huɗu, duka shidan daidai.

Ba ta maimaita ba. Aji biyar ta wuce, lissafi kuma take zuwa ɗauka tare da 'yan aji shida, duk ranar Laraba kuma Malama takan zauna da ita bayan tashi da tambayoyin da ta tsinto mata. Ran nan uban ya fita daga ofis yana ta maimaita cewa shi ya ɗauka kan ne babu.

Da muka koma ɗakin malamai na zauna na ƙirga jan layin da na yi wa yarinyar a shekara. Sittin da uku. Na ce, "Yaya, saura kaɗan in kore ta daga makaranta."

Ba ta ce a'a ba. Ta turo mini tarin littattafan ajina na ranar, na saman a kife.