Ja a Hoton Yaya Modu

Bana shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar yayana Modu, malamin daji a Haɗejiya. Nakan tuna shi duk lokacin da ruwan fadama ya janye, shinkafa ta nuna, ciyawa ta bushe tana jiran wanda zai yar da guntun taba.

Yaya Modu mutum ne mai yawan kallon sama. Muna tafe a babur sai ya tsaya a bakin kogi, ya ɗaga kai, ya ce yanzu haka akwai wani ƙarfe da ke shawagi can bayan gajimare yana ɗaukar hoton gonakinmu. Ni kuwa in ce to ya gyara hularsa, kada ya fito a karkace. Farkon shekarun casa'in ne, ko tarho sai a ofis.

A wata kaka gobara ta tashi a wani ƙauye gabas da gari, ta cinye tarin shinkafar mutane tun kafin a kai ga bugu. Nan take aka ɗora wa Gambo, wani baƙon masunci da ke bandar kifi a bakin tafki, don wurinsa ne kullum hayaƙi ke tashi. Mutane suka ce sai ya bar musu ƙasa. Yaya ya roƙi Bulama, mai garin, a dakata. Ya ce wasu masu binciken fadama sun yi masa alkawarin hoton tauraron ɗan Adam, kuma hoton zai nuna inda wutar ta faro. Aka jira wata biyu.

Ranar da ya shimfiɗa hoton a tabarmar Bulama ina wurin. Ban taɓa ganin ƙasarmu haka ba. Kogi ya zama kamar zare, tafkunan da muke wuni muna zagayawa duk suka shige ƙarƙashin tafin hannu. Ina cikin wannan mamakin sai wani dattijo ya ɗora yatsa a bakin tafkin Gambo, inda ya yi jajawur.

"Ga ta nan! Ga wuta a ƙofarsa, har sama ta shaida!"

"Baba, ku tsaya mana," in ji Yaya. "Ja a nan ba wuta ba ne."

Wa zai saurare shi? Hayaniya ta kaure, taro ya watse.

Ashe a irin wannan hoto ɗanyen ganye ne ke fitowa ja, inda ya ƙone kuma baƙi. Baƙin ya faro ne daga gefen hanyar mota, nesa da tafkin, ya yi ta faɗi yadda iska ta kora shi. Washegari Yaya ya ja dattawa zuwa lambun mangwaron da ya fi ko'ina ja a hoton. Suka tsaya a inuwarsa, ga ganye kore shar, ba alamar ƙuna. Bulama ya ce a kira Gambo. Aka tarar murhun banda ya huce. Tun jiya labari ya kai masa cewa sama ma ta shaida, ya zuba iyalinsa a kwalekwale ya bi ruwa.

Abin ya ci Yaya ƙwarai. "Da na yi bayani kafin in buɗe takardar," haka yakan ce, ko ana hirar wani abu daban.

Kwanan baya 'yata ta nuna mini a wayarta jajayen ɗigo-ɗigo inda daji ke ci da wuta a ranar, ba jiran wata biyu. Kuma jan na yanzu wuta ne da gaske. Na san da Yaya zai yi dariya har da hawaye, sannan ya tambaye ta wa ke zama da mutanen ƙauye ya fassara musu.

Bai bar mana dukiya ba. Abin da ya bari saƙo ne. Har ya kwanta ciwon ajali, duk masuncin da ya ji zai yi gabas wajen Chadi sai ya tare shi ya ba shi. Ba wanda ya taɓa dawowa da amsa, kuma ina kewarsa har ina jin nauyin abin a kaina. Shi ya sa na kawo saƙon jarida. Duk wanda ya san 'ya'yan Gambo mai banda, wanda ya bar fadamar Haɗejiya a kwalekwale, don Allah ya gaya musu Modu ya ce ba ubansu ne ya sa wutar ba.