Littafin Alƙali Ya Tafi Legas Cikin Turmin Atamfa

Edita, ina yi maka sallama. Ni 'yar gidan malamai ce a Sakkwato. A shekarun da kuɗin mai ya yawaita, gwamnati na neman ma'aikata ido rufe, mahaifina ya yarda na koyi buga tafireta, aka ɗauke ni a wata ma'aikata. Can daga baya, soja na kan mulki, aka kawo mana kwamfuta biyu. Maza suka riƙa kewaye su kamar sun ga kububuwa, ni kuwa na zauna na koya. Da hannuna ya faɗa sai na ajiye aiki na buɗe ɗan shago a Sama Road, kwamfuta ɗaya da firinta. A iya sanina babu wata mace mai irinsa a garin, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Akwai wata 'yar Filato, matar wani malamin makaranta a unguwar Minanata, tana aiki a sashen wayar tarho, kowa Madam yake ce mata. Ta sha gayyata ta taron mata masu sana'a da ake yi duk ƙarshen wata a gidan wata Hajiya mai atamfa a Gawon Nama. Nakan ce zan duba, a raina kuwa cewa nake me zan tsinta wurin masu tallar zannuwa. Ta kuma taɓa ba ni shawara in riƙa kwafe aikina a faifai in ajiye daban. Na ji haushin mai haɗa waya tana koya mini sana'ata, na yi biris.

A lokacin wani tsohon alƙali, aminin mahaifina, wanda idanunsa suka mutu, ake kawo shi shagona kowace hantsi. Littafi yake rubutawa kan rabon gado, yana faɗa da ka ina bugawa, babu ko takarda ɗaya a ƙasa. Wata bakwai muna haka. Muna gab da gamawa ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta sarƙe. A makon nan kuma wuta ta zo da ƙarfi, na ji ƙaurin roba, kwamfutar ta mutu da ilimin bawan Allah a cikinta. Na ɗauke ta zuwa Kano. Wani mai gyara ya ce in haƙura in sayi sabuwa, wani ko kallona bai yi ba, ya ce in turo maigidana su yi magana. Na dawo na kasa cin abinci, na kasa zuwa duba Alƙali.

Da ƙafata na je gidan Madam ina sunkuyar da kai. Ba ta tuna mini komai ba, mayafi kawai ta yafa ta kai ni wurin Hajiya. Hajiya ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗiyata, ban san abin da ke cikin akwatin ga ba, amma na san hanya, kuma cikinmu ba a rasa wadda ta san wata." Ashe Madam tana da ƙanwa injiniya a Legas mai gyaran kwamfutocin banki. Wata 'yar taron mai kemis ta ba mu wayar shagonta, injiniyar ta riƙa gaya mini ƙusar da zan kwance, har na ciro ma'ajiyar bayanan kwamfutar da hannuna, abin da mai gyaran nan na Kano ya ga ban isa a yi maganarsa da ni ba. Hajiya ta naɗe ta cikin turmin atamfa, ta tafi da ita Legas sarin kaya, ta kai wa injiniyar. Bayan kwana tara ta dawo mini da faifai biyu ɗauke da littafin. Shafuka kaɗan ne suka salwanta. Su ma na zauna gefen gadon Alƙali ina faɗin abin da na tuna, yana gyaɗa kai ko ya girgiza, har muka cike su. Ya riƙe littafinsa a hannu kafin Allah Ya yi masa rasuwa.

Tun daga nan ban sake fashin taro ba. Na riƙa koya wa 'ya'yan matan nan kwamfuta duk Asabar, yau da yawansu su ke da nasu shagunan, ɗaya ma ta fi ni nesa ba kusa ba, kuma ina alfahari da haka. Abin da ke ci mini rai shi ne an yi wa mijin Madam canjin wurin aiki sun bar gari, na yi mata godiya amma girman kai bai bar ni na nemi gafararta ba.

'Yan uwana mata da kuka shiga wannan fanni, iya aiki daban, samun mai buɗe miki ƙofa daban. Kada ki raina mace don ba ta san abin da kika sani ba. Ki shiga cikin 'yan uwanki tun kina tsaye da ƙafarki, kada ki jira sai ranar da za ki je musu da kuka.